Yatsa Biyu na Albarushi

...kuma wannan bencin ma ƙafarsa ɗaya ta gaji, in na motsa sai ya motsa. To, na zauna ƙyam. Fankar barandar kotun tana juyawa kamar an sa ta dole. Inna, da kina raye da ke kika raba wannan rigima tun a tsakar gida, ba sai an zo nan ba. Ga mijina a ciki, ga Autanki a ciki, ni a waje ina jiran a kira ni shaida.

Tambaya ɗaya ce, in ji lauyan Auta. Mijinki ya san bindigar a tsage take lokacin da ya ba ƙanenki aro? I ko a'a. Wai in ya sani ya yi shiru, alhakin hannun Auta na wuyansa, har ɗauri ana iya yi masa. In bai sani ba, tsautsayi ne, kowa ya kama gabansa, Auta ya tashi a tutar babu. Yana faɗa yana latsa wayarsa. I ko a'a, sai ka ce tambaya yake ko na sa gishiri a miya.

Ya sani mana. Ya sani!

Gindin bututun ne ya tsage, tun daminar bara. Ya kai wa mai walda ya ɗiga mata, ya dawo ya yanko tsohuwar robar keke ya naɗe wurin — ni na riƙe masa bakin robar yana ja. Tun ranar yatsa biyu na albarushi yake zuba mata. Kowa huɗu yake zubawa, shi biyu. "Tsohuwa ce, ba ta cin abinci da yawa." Har dariya na yi...

Wata mata ta zauna kusa da ni, bencin ya karkata. Turarenta ya cika min hanci. Me ya kawo ta? Ƙila gona, ƙila gado. Masu sa'a, su da baƙi suke shari'a.

Ina shanya a igiya Auta ya shigo, wai birai sun hana masararsa sakat. Kin san shi da mijina, Inna, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. "Mijin Yaya, ara min tsohuwar sandar nan taka, ko birai sa mutu da dariya." Shi kuma ya kumbura: "Sanda? Ta girme ka, ɗan aski, kuma ta fi ka lafiya." Ta fi ka lafiya... Na ga bakinsa ya buɗe zai ƙara magana. Na gani, wallahi na gani. Sai Auta ya tuntsire da dariya, sai bakin ya rufe. Ina zai ce masa a tsage take? Ai da ya shiga uku da ba'a har tsufa. Tsoron dariyar yaro — abin da ya ci hannun ke nan. Ba ƙiyayya ba, ba mugunta ba. Wane gurbi alƙali yake da shi na wannan? I ko a'a kawai yake da su.

Auta ya zuba huɗu, kamar kowa. Ta fashe a hannunsa.

Warin asibitin nan har yanzu yana cikin mayafina, na wanke na wanke. Hannun dama, Inna. Hannun almakashi. Babban yatsa da na kusa da shi sun tafi, sauran sun ƙandare. Shagon askinsa a rufe, kujerar mai juyawa an lulluɓe ta da tsohon zane. Matarsa ce ta dage sai an zo kotu. Na ji haushinta, na zage ta a zuciyata son raina — sai na ga tana ɓalla masa maɓallin riga a gaban yaransu, yana kallon rufin ɗaki. Me zan ce mata? Da ni ce fa?

Jiya Auta ya zo wurina. Bai roƙe ni komai ba, da ma ya roƙa. Ya ce, "Yaya, ke kika goya ni." Shi ke nan, ya sha ruwa da hagu, rabi ya zube a ƙirjinsa, ya tafi.

Shi kuma baban yara da safe, yana sa takalmi, bai ɗago ba: "Ki faɗi abin da kika sani." Me yake nufi? In cece shi? In tona shi ya huta? Shekara da shekaru ina gane nufinsa daga tarinsa ma, yau na kasa. Ƙaramarmu tana riƙe da gefen rigarsa tana cewa ya sayo mata balan-balan in zai dawo. In zai dawo...

Rantsar da ni za su yi. Na yi alwala tun a gida, ina ta riƙon ta kamar ƙwai. In na ce a'a, da wane baki zan yi salla? Da wane ido zan kalli hannun nan ranar suna, ranar biki, har ƙarshen raina? In na ce i — wa zai gaya wa yarana cewa uwarsu ce ta rufe wa ubansu ƙofa? Na gaji, Inna. Ina son su duka biyun, kuma ina jin haushinsu duka biyun, manyan banza, a kan wasa.

Ƙofa ta buɗe. Ɗan sanda yana kallona, yana yafito ni.

Ga ƙeyar baban yara can a gaba. Suma ta taru cunkus, furfura ta fito har bayan kunne... tun ranar bai yi aski ba. Ashe ba mantuwa ba ce. Auta ne mai yi masa, bai yarda ya zauna a kujerar kowa ba. Kuma ga Auta a ɗaya gefen, ba alƙali yake kallo ba, ƙeyar nan yake kallo, guntun hannun yana motsi a kan cinyarsa.

Sun juyo tare. Kowannensu ya ɗan saki fuska da ya gan ni — kowa yana zaton tasa ce ta iso.

An ce in faɗi sunana. Sunana ma... bari in fara da shi, shi kaɗai ne ba zai kashe kowa ba.