Bututun Wendell da Waldar Darlene

Shekara huɗu Wendell Tackett ya yi yana haɗa ƙaramin jirgin samansa a wata rumfar kwano da ke gefen filin ciyawa, bayan garin Enid. Wani irin inji da ake kira rotari ya ɗora masa, wanda ya ciro daga wata tsohuwar mota. Komai ya kammala sai bututun da ke kai wa injin iska, da akwatin iskar da ke samansa. Ya yi mako uku yana ƙera su da faiba, wato roba mai zaren gilashi, ya goge suna sheƙi.

Ranar Asabar da safe yayarsa Darlene ta biyo ta kawo masa kofi. Shekara talatin ta yi tana walda a kamfanin bututun mai kafin ta yi ritaya, kuma har gobe ba ta ganin abu ta ƙyale.

Wendell ya miƙa mata bututun yana washe baki. "Ɗaga ki ji, Yaya. Kamar ba ki riƙe komai ba."

Ta ɗaga, ta juya, ta leƙa gefen injin. "Auta, a nan za ka ɗaura wannan? Injin nan ta gefe ɗaya yake shaƙa da fitarwa. Salansarsa kuwa ja take yi kamar garwashi."

"Na sa masa kariya."

"Wannan ɗan gwangwanin? Ko ƙwai aka ɗora a bayansa sai ya soyu. Alminiyam za ka sa."

"Ke dai kina neman inda za ki kunna wutar waldarki ne."

Sai suka ce a gwada. Suka haɗa bututun da injin, suka turo jirgin waje, suka ɗaure jelarsa da igiya a bayan akori-kurar Darlene. Wendell ya hau ya tayar. Farfela ta ɗauka, ciyawa ta kwanta, shi kuma yana ɗaga mata babban yatsa ta gilashi. Minti takwas lafiya lau. A na tara injin ya fara tari, ya shaƙe, ya mutu.

Da ya sauko ya tarar ƙasan bututun ya yi laushi, injin ya zuƙe shi ya lotse kamar tsinken shan lemo. Darlene ta yi dariya har da zama a ƙasa. Shi ma da ya gaji da ɗaure fuska ya fashe da dariya.

"To, baƙin ƙarfe zan sa," in ji shi. "In ga abin da zai narka shi."

"Ka sa mana. Hancin jirgin ya yi nauyi, ka riƙa yi wa maƙwabta huɗa da shi."

Suka zauna a kan bokitai suna zane a jikin kwali har azahar. Aka tsaya a kan bututun alminiyam huɗu kusa da injin, akwatin iskar da ke can sama inda ba zafi kuma a bar shi na faiba, don Wendell ya rantse ba za a zubar masa da wahalar mako uku ba. Darlene ta ƙara da maƙalai biyu da za su riƙe bututun, ta ce girgiza ce ke tsaga alminiyam.

Kwana biyar ta yi tana walda, shi yana riƙe mata, an hana shi magana.

Wendell ya riƙa tashi da jirgin shi kaɗai har ya cika awannin gwajin da doka ta tanada. Ranar da ya halatta ya ɗauki mutum, ya ce ta hau. Nan ne ya gane cewa yayarsa, da duk bakin nan nata, ba ta taɓa shiga ƙaramin jirgi ba. Tun kafin taya ta bar ƙasa ta runtse ido, ta ƙanƙame hannunsa.

"Yaya, da wannan hannun nake tuƙi."

Ta saki. Sun yi nisa kafin ta buɗe ido ɗaya. A ƙasa ga gonar alkamar da suka tashi a cikinta, ga tafkin da suka koyi iyo.

"Rufin rumbun Baba ne wancan? Wa ya yi masa koren fenti?" Ta manna goshi a gilashi. "Juya, juya mu sake bi ta kai."

Wendell ya karkata fiffike ya juya.