Bangon da Bai Tsage Ba

Wanda ya fara zuba sukari cikin kwaɓin simintin Jamusawa a gaɓar Biritaniya ta Faransa, in ji 'ya'yansa, shi ne Goulven Kerbrat, magini, a shekarar 1941, lokacin da Jamus ta mamaye ƙasar tana gina maɓoyar jiragen yaƙi masu nutso. An ce masa sukari na hana kankare kamawa. Shekara biyu yana kwashe rabon sukarin gidansa a aljihu, iyalinsa na kurɓar kofi da ɗacinsa. Babu wanda ya gani, domin da an gani da an harbe shi. Da yaƙi ya ƙare, maƙwabta suka rubuta "bawan Jamus" a ƙofarsa, ya mutu ba a goge ba.

Ɗansa Tudal yana da shekara saba'in ya ɗauki yayarsa Soazig a mota suka bi gaɓar teku. Hujjarsa ita ce an taɓa wanke sunan wani masunci daga irin wannan zargi da wasiƙa guda. Don haka tsaga guda a bangon da ubansu ya zuba ta isa shaidar sukarin.

Maɓoya uku aka tura Goulven aiki, duka yanzu sun zama gidajen tarihi. A biyun farko Tudal ya bi bango yana shafawa da tafin hannu, 'yan yawon buɗe ido na ratse shi.

"Kai, dattijon banza, sai ka ce mai zaɓen amarya," in ji Soazig. "Cokali nawa ne ma sukarin? Ka dubi kaurin abin nan."

"Yaya, ke ma kin sha kofin."

"Na sha. Shi ya sa nake tambaya."

A ta ukun, wata jami'ar gidan tarihin ta saurari Tudal da ladabi, ta ɗauko littafin ma'aikata na wancan zamani, ta samo sunan ubansu, sannan ta kai su ramin fakewar jirgi na shida, inda ruwan teku ke kwance baƙi ƙirin.

"Ranka ya daɗe, ga aikin ayarin mahaifinku," ta ce. "Bom ya faɗo daidai nan sau biyu. Unguwar da ke baya ta zama toka, wannan ko gezau. Injiniyoyi har yau suna zuwa kallonsa."

Tudal ya duba bangon tun daga ƙasa har inda idonsa ya kai. Sumul yake.

Jami'ar ta ƙara da cewa suna shirya allo na gwanayen maginan wurin, in iyali sun yarda a sa Goulven a sahun farko. Soazig ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta nemi benci ta zauna.

Abin da tafiyar kwana tara ta haifar ke nan: tikitin shiga shida, kumburin gwiwa, hoton shafin da ke tabbatar da cewa ubansu bai taɓa fashin aiki ba, da takardar neman izinin sa sunansa a allon. Tudal bai sa mata hannu ba, bai kuma yaga ta ba. Tana cikin aljihun motar.