Riƙon Muzdalifa

"Ba ta gaba ba, Luba. Ta baya za ki zo mata, kuma ki yi shiru."

Zulai, maƙwabciyata, ce ke koya mini daga kan katifa, muryarta da ƙyar take fita. Ni da na yi wa rabin matan Tsafe kitso, ga ni ina zufa a bayan ɗiyarta 'yar shekara tara. Ina taɓa kanta, Muzdalifa ta ƙwalla ƙara, ta shiga buga goshi da bango.

Muzdalifa ba ta magana, ba ta son a taɓa ta. Uwarta kaɗai ta san kanta. Uban ya rasu, ciwon hanta kuma ya kwantar da Zulai. Baffan yarinyar, Malam Attahiru na Bilbis, ya riga ya faɗa: gidansa kowa gona yake wuni, in ta koma can sai an ɗaure ta, kada ta faɗa rijiya.

"Likitocin nan na Gusau fa?" na tambaya.

Masu bincike ne da suka yi ta zuwa bara, suna nazarin yara irinta. Sun fara koya mata nuna abin da take so da hoto, har ta iya nuna ruwa.

"Na kira su. Sun ce tallafin Turawa na, ya ƙare, gwamnati ko ba ta sa nata ba. Da sun ƙara ko shekara guda, da ita da kanta za ta gwada miki." Ta kamo hannuna. "Riƙe min ita, Luba. Kar a ɗaure min ɗiya."

Na ce to, da zuciya ɗaya. Ran Laraba da hantsi Zulai ta cika.

Allah ya sani na yi iya yina. Yarinya ta ƙi abinci, ta ƙi barci, na rasa me take nema, na rasa wanda zan tambaya. Ranar da aka tsamo ta daga gaban tirela a bakin titi, maigidana ya aika Bilbis. Ban hana shi ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Malam Attahiru ya zo washegari. Da na kai masa ruwa zaure, na tarar da shi zaune da sabuwar igiya a cinya, yana naɗe bakinta da tsumma mai laushi.

"Don kar ta ci mata ƙafa," ya ce, bai ɗago ba.