Ƙwayar da Mai Agogo Ya Kai wa Yayarsa

Shekara talatin da ɗoriya Mai Agogo ya yi a ɗan shagonsa na bakin titi, shagon da in ya miƙa hannuwansa sai ya taɓa bango biyu. Mutane kan tsaya kawai don su ga yadda yake maƙala gilashi a ido ɗaya, ya ɗauki hantsaki, ya ɗaga sukurun da bai kai ƙwayar yashi ba, ya zaunar da shi inda ya dace.

Da fatar ido abin ya fara, ta dinga rawa ita kaɗai. Daga nan jijiyar ƙafa ta soma ɗaure masa, sai ya riƙe teburi yana cije baki har ta saki. Wani lokaci zuciyarsa ta yi kamar ta tsallake bugu ɗaya. Duk ya share, ya ce tsufa ne. Amma ranar da hannunsa ya yi karkarwa ya ƙarce fuskar agogon wani mutum, bai jira kowa ya faɗa masa ba, ya rufe shago ya tafi asibiti.

Likitar ta sa aka ɗebi jininsa, sannan ta tambaye shi ko akwai maganin da ya daɗe yana sha. Ya ce babu, sai dai kafson olsa da yake haɗiya kowace safiya shekara tara ke nan.

"To ga ɓarawon," in ji ta. "Akwai wani sinadari da ake kira magnesiyam, jijiya da zuciya ba sa aiki daidai sai da shi. Naka ya yi ƙasa sosai. Irin kafson nan in ya daɗe, yakan hana hanji tsotsarsa."

Ta canza masa maganin olsar. Kafin ta rubuta masa ƙwayar magnesiyam kuma, sai da ta sake duba takardar gwajin, ta ce, "Ƙodarka lafiya lau, don haka za ka iya sha. Ɗaya a rana, bayan abinci." Shi dai ya gyaɗa kai, hankalinsa yana kan shagon da ya bari a rufe.

Cikin wata guda hannu ya dawo. Mai Agogo ya zama kamar wanda aka sake haifa, duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya ji labarin ƙwayar nan.

Yana da yaya mace guda ɗaya, ita ta riƙe shi tun yana ɗan shekara shida da mahaifiyarsu ta rasu. Malamar firamare ce da ta yi ritaya, tana zaune da 'yarta a wani gida mai ɗaki biyu. Har ya yi furfura ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta. Wata Asabar da hantsi ya je gaishe ta, ya tarar da ita a kan kujera tana murza ƙafa, ƙafar ta ɗan kumbura.

"Yaya, me ya same ki?"

"Jijiya ce ke ɗaurewa. Ta hana ni sakat."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Ashe ciwon gidanmu ne! Ai maganinsa yana aljihuna."

"Auta, yaushe ka bar agogo ka koma likita?"

"Ke dai ki gwada. Kin ga hannun nan? Da kamar na mai kaɗa ganga yake." Ya ajiye mata kwalbar a cinya. Da ya ga yadda take yamutsa fuska, sai ya ƙara da cewa, "Naki ya fi nawa tsanani. Ki sha biyu da safe, biyu da yamma."

Ta juya kwalbar, ta leƙa ƙofa, sannan ta tura ta ƙarƙashin matashi. "Kar yarinyar nan ta gani. Ko ganyen shayi na ɗauka sai ta karanta takardarsa."

Abin da bai sani ba, shekara biyu ke nan Yaya tana fama da ciwon ƙoda. Ita ta hana 'yarta faɗa masa, ta ce Auta ba shi da zuciyar ɗaukar irin wannan labari, zai bar aikinsa ya zo ya tare a kanta. Kuma ban da ƙwayarsa, tana kurɓar wani farin ruwan magani saboda cikinta da ke ɗaurewa, shi ma cike yake da magnesiyam.

Kwana goma sha biyu bayan nan, yana buɗe shago wayarsa ta yi ƙara. 'Yar yayarsa ce.

"Kawu, ka zo. Mama ta ƙi tashi sosai. Tun jiya take amai, yanzu ko hannu ba ta iya ɗagawa, maganarta ma ba ta fita."

A ɗakin gaggawa aka jona mata wayoyi. Bugun zuciyarta ya yi sanyi, numfashinta sama-sama. Wani likita dogo ya fito da takarda a hannu, ya ce magnesiyam ya taru a jininta fiye da kima, ya tambayi me take sha. 'Yar ta lissafa magungunan ƙoda da na hawan jini ɗaya bayan ɗaya, ta ambaci farin ruwan, ta ce iyakar abin da ta sani ke nan.

Kalmar ƙoda ce ta daki Mai Agogo a ƙirji. Sai a lokacin maganar likitarsa ta dawo masa, ya gane dalilin da ya sa ta duba takarda sau biyu. Da ƙyar ya ce, "Ni na ba ta ƙwayar magnesiyam. Huɗu a rana. Kwalbar tana ƙarƙashin matashinta."

'Yar ta juyo ta dube shi. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi a kan wannan kallon.

Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce ƙoda mai lafiya tana zubar da abin da ya yi yawa ta fitsari, mara lafiya kuwa sai ta bar shi ya taru. A ranar aka fara yi mata wankin ƙoda.

A kwana na uku ta buɗe ido sosai. Ta gan shi a gefen gado, ya rame kamar shi ne majinyacin.

"Yaya, ki yafe mini."

"Me ka yi? Ciwo ka gani ka kawo magani. Ni ce na ɓoye maka." Ta huta, sannan ta ce, "Kuma ni da na koya wa yara karatu shekara talatin, ban karanta jikin kwalba ba. Kar ka faɗa wa kowa, za a yi mini dariya."

Ta koma gida, amma ba ta sake zama Yayar da ya sani ba. Sau biyu a mako yake rufe shago ya raka ta wankin ƙoda, ya zauna awa huɗu yana kallon jininta yana zagaya cikin roba. Wata biyar ta yi a haka, ta rasu wata Talata da azahar. Ya tare likitan a baranda ya tambaye shi ko ƙwayar ce ta rage mata kwana. Likitan ya ce ƙodar ta riga ta yi nisa tun kafin nan, amma ba zai ce masa ba ta ƙara mata wahala ba. Mai Agogo ya ɗauki rabin maganar na ƙarshe ya tafi da shi gida.

Ya daina shan tasa ƙwayar. Ko ganin kwalbar ba ya so. Bai koma wajen likitarsa ba, sai ma ya koma wa tsohon kafsonsa da olsar ta motsa. Ba a yi wata uku ba jikinsa ya koma gidan jiya, ya fara mayar da masu kawo gyara yana cewa ba shi da kayan aiki.

Wata rana 'yar yayarsa ta tsaya a ƙofar shagon. Tun bayan rasuwar gaisuwa kawai ke haɗa su. Matarsa ce ta kira ta ta faɗa mata halin da ake ciki.

"Kawu, an ce ka bar maganinka."

Ya sunkuyar da kai.

"Mama ba ta dace da shi ba, kai kuma kana bukatarsa. Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Amma kai kaɗai ka rage mini a dangin Mama, kuma ba ni da ƙarfin wani zaman makoki. Tashi mu je a sake gwada jinin."

Layin asibitin ya yi tsawo a ranar. Aka ba su lamba ta arba'in da bakwai, suka zauna a benci. Can gajiya ta ci ƙarfinta, kanta ya kwanta a kafaɗarsa, barci ya ɗauke ta. Ya zauna bai motsa ba, hawaye na bin gemunsa, har aka kira lambarsu.