Takalmin Tela a Layi

"Wa ya ture takalmin nan?" Mai aski ya daka tsawa. Ya duƙa ya mayar da shi gurbinsa, tsakanin wani jan silifas da gwangwanin madara.

Haka ake bin layi a ƙaramin asibitin unguwar. Marasa lafiya ba sa jure tsayuwa, sai kowa ya ajiye wani abu a ƙasa, ya koma inuwa yana gadinsa da ido. Likita ɗaya ne tal. In ya ga iya waɗanda zai gani, mai gadi ya ja ƙofa, saura su kwashe tarkacensu sai gobe.

Takalmin na maƙwabcinsa ne, Tela. Ƙafafun Tela sun kumbura sun yi suntum, taka keken ɗinki ya gagare shi, barci ma sai a zaune. Duk ranar da aka ɗauko shi, sai ya wuni a kan benci, a rufe ƙofa a kan idonsa, ya koma gida a galabaice.

"Maƙwabci, kai min wannan ya bi layin," in ji shi ranar da ya gaji, yana haki yana dariya. "Tunda ya ƙi shiga ƙafata, gara ya je ya nemi abin yi."

"Ɗayan fa?"

"Bar shi ya yi gadin gida."

Suka shirya cewa in layi ya matso, Mai aski zai buga waya a kawo shi a babur. Jiya har Mai aski ya roƙi nas ta taimaka, ya ce mutumin nan numfashinsa sama-sama yake. Ta dube shi da jajayen idanun gajiya. "Baba, kowa a nan haka yake faɗa. Ka yi sammako."

Yau ko shago bai buɗe ba, ya yi sammakon. Ga shi takalmin ya kai bakin ƙofa. Cike da murna ya buga waya, matar Tela ta ɗauka.

"Maman yara, maza ku fito da shi! An kusa kiranmu!"

Ta ce, "Ka dawo gida, maƙwabci."

"Haba, wane irin dawowa? Ki ce masa ya daure, yau dai..."

"Ka dawo kawai. Ya daina hakin."

Nas ta leƙo. "Ina mai baƙin takalmi?"

Mai aski ya kashe wayar. Ya sunkuya ya ɗauke takalmin, mai jan silifas ta ɗingisa ta shige.

A gida, an lulluɓe keken ɗinki da wani yadi da ba a gama yankawa ba. Ɗayan takalmin na nan a bakin ƙofar ɗaki, inda Tela ya bar shi. Mai aski ya goge ƙurar asibiti da gefen rigarsa, ya ajiye shi kusa da ɗan'uwansa.