Gwaza Ba Man Shanu

Tun da aka sallamo Baba daga asibitin garinmu Minya, Mama ta kulle shi a ɗaki da sunan tarairaya. Likita ya ce zuciyarsa da ƙyar ta sha, don haka ba man shanu, ba kitse, gishiri sai ɗan kaɗan, a yawaita ganye. Kalmar ganyen nan ita kaɗai Mama ta riƙe. Kullum sai ta dafa ganyen salki, wani ganye mai kama da alayyafo, a ruwa zalla har ya yi laƙwas, ta ɗora a tire, ni Dimyana in kai masa. Mu kuwa mu ja ƙofar falo mu ci namu kamar ɓarayi, wai kada ƙamshi ya tayar masa da hankali. Kirsimeti ma a gado ya yi ta, yana jin ƙarar cokulanmu.

Ba ya ci. Yadda na kai tiren haka nake dawowa da shi. Babana Sidhom kafinta, mutumin da a da yake hawa bene da ƙyauren ƙofa a kafaɗa, ya koma jallabiyarsa tana yi masa yawa. Likita ya gargaɗe mu cewa idan aka ci gaba da zuba magani a cikin da ba komai, sai an sake kwantar da shi. Baba kuma ya riga ya faɗa, in ya koma can, ba da ƙafarsa zai fito ba. Tsoro nake ji ƙwarai, ni kuma tsorona da masifa yake fita.

Ana jibi Idin Gitas, idin tunawa da baftisma da muke cin miyar gwaza a cikinsa, na shiga na tarar ko taɓa farantin bai yi ba.

"Baba, wai so kake ka kashe mu da ranmu?"

"Ɗauke abinki, sarkin faɗa. Na ƙoshi."

"Da me? Iska? To in ba ka ci, ni zan ci, ba za a yi ta zubar da abinci ba."

Na zauna a bakin gadonsa na hau ci don haushi. Abin ba daɗi ko kaɗan, amma na daure. Can sai na ga hannunsa ya gutsuri burodi, ya dangwala a gefen farantin.

"Ke ko kunya. Ki bar wa mara lafiya mana."

Ya yi loma ta biyu, ya yi ta uku. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Fiye da rabin shekara muke azumin coci a gidan nan, ba nama ba man shanu. Kin taɓa jin na yi ƙorafi? Ai tare muke ci."

Kunya ta rufe ni. Na ɗauki tiren na wuce kicin kai tsaye.

"Mama, gwazar idin bana tukunya ɗaya za a yi, kuma ba man shanu."

Ta dafe ƙirji. "Ranar idi? Gwaza da farin mai, sai ka ce muna azumi? Me matar yayanki Milad za ta je ta faɗa a gidansu?"

"Ta faɗi abin da ta ga dama. Mijinki ya gaji da cin abinci da bango."

"Ni kike gaya wa mijina? Tun ba a haife ki ba nake..." Ba ta ƙarasa ba, don idonta ya sauka a kan farantin, ta ga an ci rabi. Ta juya ta hau wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Ranar idi muka fere gwaza, muka goge yauƙinta da tsumma, muka yanka ƙanana, muka zuba a romon kazar da aka cire wa fata. A gidanmu salkin gwaza soya shi ake yi a man shanu har ya yi duhu ya yi ƙarau, a daka da tafarnuwa. Wannan karon na zare ganyen daga farin karansa, na tsoma a tafasasshen ruwa na tsame nan take, na daka a turmi. Tafarnuwar na soya ta a mai cokali guda. Da na juye a tukunya ta yi "caaa", sai miyar ta fito kore shar, irin koren da ba mu taɓa gani a gwaza ba.

Mama ta leƙa. "Wannan ai abincin akuya ne."

Ta faɗa, amma ita ce ta ƙwace ludayin, ta ɗanɗana, ta matsa lemon tsami, ta sake ɗanɗanawa. Karan da na yi niyyar zubarwa ta harare ni ta yayyanka shi a ciki.

Aka ajiye gajeren teburinmu a tsakar falo, rake da lemo a gefe. Milad ya riƙo Baba ya zaunar da shi a mazauninsa na da. Daga loma ɗaya yayan nawa ya fara waige-waige.

"Ina gishiri?"

"Ya tafi ziyara," in ji ni.

"Mama, me na yi muku? Ni lafiyata ƙalau."

Baba ya nuna tumbinsa da cokali. "Haka ni ma nake cewa. Ci, ɗan gidan kafinta, wannan cikin naka ya kusa buƙatar ƙofa mai faɗi."

Matar Milad ta ƙyalƙyale da dariya har ta ƙware, kuma ita ce ta fara neman ƙari. Ni ban iya cin kirki ba, ina ta satar kallon kwanon Baba. Ya zuba miyar a kan shinkafa, ya cinye, ya share gefen da burodi. Mama ta dubi Baba ta ce, "Abu Milad, in ƙara maka?" Ya miƙa mata kwanon.

Da ya gama ya jingina da bango ya dube ni.

"Wa ya sayo salkin nan?"

"Ni ce."

"An cuce ki. Tsohon ganye ne, na ji zare-zarensa a haƙorina. Ƙananan ake zaɓa, masu tsayuwa da kansu. Kun saba a yi muku cefane, ba ku san komai ba."

Washegari da hantsi na ji motsi a bayan ƙofa. Baba ne a durƙushe yana laluben takalminsa, kwandon cefane rataye a hannunsa. Mama ta fito da gudu.

"Ina za ka? Likita fa..."

"Likita cewa ya yi in riƙa ɗan takawa. Ke Dimyana, taho in nuna miki ganye."

Muka sauka benen a hankali, yana hutawa a kowace kwana, ni ina riƙe hawayena. Na miƙa hannu in karɓi kwandon, ya buge min hannu.

"Bar shi. Da nauyinsa za ki ɗauka in za mu dawo."