Iskar Ɗakin Hajiya

Ranar da Garzali ya kama aikin direba a wani gida a Al Gharrafa, ya ga wasu fararen ƙarafa masu haƙarƙari manne da bangon ɗakuna. Da aka ce masa na ɗumama ɗaki ne, ruwan zafi ke zagayawa a cikinsu, har da riƙe ciki don dariya. A Doha, garin da sitiyari ke ƙona tafin hannu? Ashe Janairu na nan tafe da sanyi mai ratsa ƙashi.

Saboda Hajiya, mahaifiyar maigidan, aka ɗauki Garzali, ita kaɗai yake tuƙawa. Tana asibiti ana duba mata gwiwoyi ƙarfen ɗakinta ya yi yaji. Ƙasansa da ɗan ɗumi, samansa sanyi ƙalau, ga wani ƙugi da yake yi kamar cikin mai yunwa. Maigidan ya ce idan ɗakin bai yi ɗumi kafin Asabar ba, gidan 'yarta za ta koma, kuma can suna da direbansu. Garzali ya gane karatun sarai, aikinsa ne ke reto.

Ya kira Mashud, wani mai gyaran famfo ɗan Zangon Kumasi da suke haɗuwa a masallacin Juma'a.

"Yana kuka? Sama sanyi?" in ji Mashud a waya. "Massa, iska ne ya shiga ciki. Kar ka taɓa shi, ina zuwa Juma'a."

Garzali ya kashe waya yana a'uziyya. A garinsu, Gumel, in an ce iska ta shiga abu, ba wanda ke tambayar wace iri. Kwana uku bawan Allah yana turara ɗakin, yana tofa wa ƙarfe Ayatul Kursiyyu daga bakin ƙofa. Ƙarfe kuwa ko a jikinsa, sai ma ƙara ƙugi.

Bayan an sauko daga masallaci Mashud ya zo, ba carbi a hannu, ba ruwan tofi. Ya kashe tukunyar da ke dafa ruwan, suka jira ta huce. Sai ya zaro wani makulli da bai kai ɗan yatsa ba, ya ce a ba shi tsumma da kofi.

"Da wannan za ka fitar da ita?"

"Da mene kuma? Riƙe kofi."

Garzali ya riƙe. Mashud ya sa makullin a wani ɗan noti a kafaɗar ƙarfen, ya murɗa kaɗan. Sai ga huci, siriri, dogo, har da sanyi-sanyi a bayan hannun Garzali. Ya runtse ido yana salati. Hucin ya yi ta yi, ya sarƙe, ya tofar da baƙin ruwa a kofi. Mashud ya ɗaure notin, ya je ya kunna tukunya.

"Sa hannunka a sama."

Ɗumi ya taso daga ƙasa, haƙarƙari bayan haƙarƙari, har ya iso tafinsa. Ƙugin ya ɗauke ɗif. Mamaki ya kashe Garzali a tsaye. Abin da bai cika kofi ba, wanda ido ma ba ya gani, shi ya tare wa ruwan zafi hanya.

"Ina ta tafi?" ya tambaya a hankali.

"Ka shaƙe shi tun ɗazu," in ji Mashud. "Iskan Allah ne, na numfashi."

Kunya ta kama Garzali, amma bai ɗauke hannunsa ba. "Ikon Allah," kawai yake ta faɗi.

Ranar Asabar ya ɗauko Hajiya daga asibiti, jakarta na mota don ba a san inda za ta kwana ba. Ta dogara sandarta har ɗaki, ta ɗora tafinta a kan ƙarfen, ta ji ɗumi. Sannan ta waiwayo ta dube shi.

"Yalla, Garzali. Shigo da jakar."